Daminar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Ruwan bana ya kankama. Tun shekaranjiya sama ba ta ɗaga ba, katangar bayan ɗakina ta jiƙe har ta fara zubar da ƙasa, icen da aka tara a zaure duk ya sha ruwa. Ina zaune a bakin gado da jaririya a cinya. Ta kama nono ta ɗan ja, sai ta saki, baki a buɗe, barci ya kwashe ta. Na sosa mata tafin ƙafa, ta motsa, ta sake kamawa. Haka muke yi ni da ita tun da ta zo duniya. Hayaƙin ɗanyen ice yana shigowa ta taga daga inda ake dafa mini ruwan wanka, haɗe da warin ganyen darbejiya. Wannan warin ba ya tuna mini komai sai daminar da na haifi wanta, ɗana na fari. Mutane suna cewa abin da ya wuce ya wuce. Ni nawa bai wuce ba. Yana nan zaune a ƙirjina kamar dutsen niƙa.

Ni 'yar Farin Dutse ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni Yalwan Damai. Haihuwar fari gida ake zuwa, gaban uwa, kuma har na ɗaure kayana a zani. Sai ruwa ya yi gyara a shekarar. Rafi ya cika ya cinye hanya, masu babur ɗin da ke zuwa ta Basirka suka daina ƙetarawa, aka ce a jira ruwa ya janye. Haihuwa kuwa ba ta jira ba, ta zo kafin lokacinta. Haka na faɗa hannun Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kuma tun da mijinta ya mutu ta dawo gidan ta zauna. Ko gishiri za a zuba a miya sai an dubi fuskarta.

Tsakiyar damina ce, lokacin da ko ɓera ya shiga rumbu sai ya fito da hawaye. Gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, dawa tana da ciki. Ido yana ganin abinci kore shar a gona, ciki yana ta ƙugi. Tuwo sau ɗaya ake yi. Da rana kwaɗon tafasa ne ko na rama, ranar da aka samu ƙuli-ƙuli a saka, ranar da babu a ci da gishiri da barkono. Na taso ina ganin ana yi wa mai jego ƙauri, ana gasa mata nama ana barbaɗa yaji. Ni abin da na samu kunun kanwa ne tsululu, wanda in ka leƙa cikin kwano kana iya ganin fuskarka. Ban riƙe kowa da wannan ba. Babu ce, kuma babu ba ta da mai laifi.

Da asuba Yaya Uwani, matar wan maigidana, ita take hura wutar wanka. Ice ɗanye, ta yi ta busa tana tari, idonta ya yi ja. In ruwa ya tafasa Gwaggo ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya da ciki, ina cije leɓe. Maza su saɓa fartanya su fita, ƙafa cikin taɓo. Mata su shiga sussuka ɗan abin da ya rage, ko su tafi tsinko ganye a bakin gona. Ni kuma a kawo mini yaro.

Ɗan mitsitsi ne, ja, yatsunsa kamar tsinken tsintsiya. Ba ya kuka. In an sa masa nono sai an yi ta goga masa a leɓe kafin ya buɗe baki, ya ja kaɗan, ya tsaya, ya sake ja, sai kansa ya langaɓe. Ni kuma an koya mini tun ina yarinya yadda ake yi da ɗan fari: ba a kallonsa, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. In an miƙo miki shi ki shayar, sai ki kau da kai kamar an ɗora miki dole, a yi ta lallashinki. Na yarda da wannan, don haka na ga an yi wa kowa. Sai na riƙa kau da kai ina satar kallonsa da wutsiyar ido.

Da wutsiyar idon nan na gano wani abu. In yana haɗiya da gaske, akwai wani wuri a ƙarƙashin kunnensa da yake motsi, kuma ana jin wata 'yar ƙara a maƙogwaronsa. In kuwa leɓe kawai yake motsawa, wurin nan shiru. Yawancin lokaci shiru ne. Da ya saki kuma hannun Gwaggo ya iso.

"Ya ƙoshi. Kawo shi."

Ran nan na yi ƙarfin hali, kaina a ƙasa na ce, "Gwaggo, kamar bai sha ba."

"Kamar me? Ji mini yarinya! Jiya-jiya kika haihu har kin san ƙoshin yaro? Ni da na goya ubansa? Yaron da ya ji yunwa kuka yake yi. Barci shi ne naman jariri."

Yaya Uwani tana bakin ƙofa da nata ɗan a baya, wanda ya girmi nawa da 'yan watanni. Ta yi dariya ta ce, "Jummai, sauke ido mana. Kin kafe shi da kallo kamar za a sace shi. Ku mutanen Gwaram ba a koya muku kara ba ne?"

Wasa take yi, amma kunya ta rufe ni. Na miƙa shi.

Ranar suna aka raɗa masa sunan marigayi mahaifin maigidana, Haruna. Sai bakina ya samu kwaɗo biyu: ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. Aka ce Baffa za a riƙa ce masa. Mata suka cika ɗaki da jiƙaƙƙun mayafai, ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu, bai ko buɗe ido ba.

"Kai, wannan yaro salihi ne!"

"Halin mai sunan ya ɗauko. Shi ma marigayi ba shi da hayaniya."

Gwaggo tana ta murmushi kamar ita ta ƙera shi. Ni ƙirjina ya cika ya yi tauri, na yini ina jira a ba ni shi.

Bayan suna na fara duban igiyar shanya. A ƙarƙashin rumfa muke shanya tsummokaran yara saboda ruwa. Na ɗan Yaya Uwani sun cika igiya har ba wuri, kullum tana mitar wanki. Nawa kuwa ɗan kaɗan ne a gefe, kuma fitsarin da ke jiki ya yi duhu kamar ruwan shayi. Na taɓa tsakiyar kansa na ji maɗiga ta faɗa. Fatar cinyarsa ta yi yaushi, in na ɗan tsunkula sai ta daɗe ba ta koma ba. Wa zan gaya wa? Uwata tana hayin ruwa. In na buɗe baki a ce ba ni da kunya.

Da ramar yaron ta fito fili har baƙo ya gani, sai Gwaggo ta nemi mai laifi. Ba ta yi nisa ba. Wata safiya bayan wanka ta kira tsofaffi biyu daga maƙwabta, ta miƙo mini ludayi ta ce in tatsa. Na tatsa. Ta je gindin katanga ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Ta ce in nono na ƙwarai ne za ta yi iyo ta fita, in mugu ne a nan za ta mutu. Duk muka sunkuya muna kallo. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta zagaya, ta kai gefen ludayi ta zame, ta sake zamewa. Can ta daina motsi.

Gwaggo ta ɗaga ludayin ta nuna wa tsofaffin. "Kun gani da idonku. Mugun nono gare ta. Shi yake saukar wa yaron wannan barcin. A bincika dangin uwarta, za a samu."

Ɗaya tsohuwar ta riƙe haɓa. "Allah sarki. Ga ta kuwa kamar lafiyayya."

Aka yanke hukunci a gabana kamar ba na wurin. Za a raba yaron da nono sai an wanke nonon da jiƙo. Kafin nan madarar akuya da ruwan ɗumi a cokali. Yaya Uwani ta ce a kawo ta gwada ba shi nata, Gwaggo ta ce da wannan yunwar ko ɗanta bai ishe shi ba. Aka naɗe shi aka kai ɗakin Gwaggo.

Da maigidana ya dawo daga gona, yana kankare taɓo daga ƙafarsa a bakin ɗaki, na yi magana ta bayan labule.

"Malam, yaron nan yunwa yake ji. Ba nonon ba ne. Ba a barinsa ya sha ne."

Ya ce, "Jummai, Gwaggo ce ta raine ni, ga ni kuwa a raye. Ki yi haƙuri."

Tun daga ranar, in aka ce mini in yi haƙuri sai in ji kamar an watsa mini ruwan wankan jego a fuska.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma su suka fi zama daram. Ƙirjina ya kumbura kamar an cusa duwatsu, ko zani ya taɓa sai na yi ƙara. Nono yana zuba da kansa, yana jiƙa mini zani, yana ɗiga a ƙasa ƙuda yana bi. Ɗana kuwa yana can ƙetaren tsakar gida ana ɗura masa na akuya, wanda ya sa masa gudawa. Ana kawo mini jiƙo baƙi mai ɗaci a ƙoƙo, in karɓa da hannu biyu, in an fita in tuttular da shi ta taga. Ina kasa kunne ko zan ji kukansa. Ruwa kawai nake ji a kan kwanon rufi.

Sai ranar gayya ta zo. Ciyawa ta ci gonar gandu, aka gayyato maza maimai, aka ranto dawa don a yi musu tuwo. Duk matan gidan suka koma madafa ta baya, Gwaggo tana tsaye a kansu. Ana yayyafi. Na leƙa na ga tsakar gida ba kowa. Ban ɗauki takalmi ba, na ratsa taɓo na shiga ɗakin Gwaggo, ɗakin da ban taɓa shiga ba sai da sallama da durƙuso.

Yana kan tabarma, an naɗe shi da zannuwa kamar ƙunshin goro. Na ɗaga shi na ji kamar busasshiyar ƙwarya. Na warware shi tsirara. Na miƙa gefen zanina ƙarƙashin indararo ya jiƙe, na goga masa a tafin ƙafa, a fuska, a bayan wuya. Bai motsa ba. Na tatsa masa a leɓe, ya gangara ta kumatu ya shiga kunne. Na sa baki a kunnensa ina raɗa, "Baffa. Baffa." Shiru. Ƙirjinsa yana ɗagawa a hankali, kamar mai shawarar ko ya ci gaba ko ya bari.

A nan wani tunani ya zo mini. Baffa ba sunansa ba ne. Ba shi aka faɗa masa a kunne ba, ba shi aka yanka wa rago ba. In yaron nan ya tafi yau, zai tafi bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba, don kada matan Yalwan Damai su ce ba ta da kunya.

Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Haruna!"

Ya zabura, ya watsa hannuwa. Ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar kyanwa, bakin ya buɗe, na cusa masa nono.

Kafin in ɗaga kai ƙofa ta cika. Gwaggo ce a gaba, muciya a hannu, tuwo yana ɗiga daga jikinta.

"Sunan wa na ji a bakinki?"

"Sunan ɗana."

"La'ilaha illallahu! Sunan yayana? Surukinki? Gatsal, a gidansa, a ɗakina? Kuma da wannan gubar kike ba shi? Kawo shi nan!"

Ta miƙo hannu. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, na dube ta tsakiyar ido.

"Gwaggo, wallahi in kika taɓa shi sai na cije ki."

Wata ta yi salati, wata ta ce aljanun jego ne. Yaya Uwani ce ta kutsa ta durƙusa kusa da ni, ta ƙura ido, sannan ta ɗaga hannu.

"Ku dakata. Gwaggo, dubi wuyansa. Haɗiya yake yi."

Kowa ya kasa kunne. Ruwa yana zuba daga indararo, a ƙarƙashinsa kuma ga 'yar ƙarar nan, ƙut, ƙut, ƙut. Wurin nan na ƙarƙashin kunnensa yana motsi.

Ban tashi daga tabarmar Gwaggo ba har la'asar. Ya sha ya yi barci, in goga masa jiƙaƙƙen zani, in juya shi ɗaya ɓangaren, in kira sunan. Tuwon 'yan gayya ya yi ƙauri a ranar. Ko da ya fara farkawa da ɗan taɓi kaɗan, ban rage murya ba. Ina sane.

Washegari na ce wa maigidana ko ya nemo babur ya kai mu asibiti a Birnin Kudu, ko in goya shi in tafi da ƙafa gari ya gani. Ya nemo. Malamar asibiti ta duba yaron ta yi mana faɗa sosai, ta riƙe mu 'yan kwanaki. Ta ce jaririn da ya zo da wuri barci yake fin ƙarfinsa, ba ya iya kukan yunwa, sai an tashe shi a kai a kai. Ta ce nono kaɗai, ko ruwa kada a ba shi, kuma in bar shi ya daɗe yadda yake so. Na ba ta labarin tururuwa, ta girgiza kai kawai. Da muka dawo gida na kasa samun natsuwa sai da na gwada da kaina. Na jefa tururuwa a madarar akuyar Gwaggo, ta mutu. Na jefa wata a kunu, ta mutu.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. A bakin rijiya, a gidan biki, sunana ya zama Mara Kunyar Farin Dutse. 'Yan mata suna wucewa ta ƙofar gida suna ƙananta murya suna cewa "Haruna!" su ruga da dariya. Na ji, na haɗiye. Ina zaune a ɗaki da ɗana a ƙirji, shayarwa ɗaya tana cinye mana rabin hantsi, ina kallonsa ido biyu ba sata.

A hankali gero ya nuna. Ranar da aka fara kawo tumu aka gasa, ƙamshinsa ya cika gidan, yara suna murzawa a tafin hannu suna hurawa, baki duk baƙi. Kunu ya yi kauri. Sama ta fara ɗagawa, hanya ta buɗe, uwata ta iso da ƙullin daddawa a hannu, hawaye a idonta. Igiyar shanya ta cika da tsummokaran ɗana har Yaya Uwani tana cewa in matsa mata. Cinyarsa ta yi gaɓa-gaɓa.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na sauke. Amma ranar arba'in, mata sun taru, Gwaggo ta ɗaga shi sama tana juya shi.

"Kun ga aikin jiƙona? Da ban wanke nonon nan ba, da yanzu wani zance ake yi."

Aka yi ta sa mata albarka. Jiƙon da ya ƙare a bayan tagata, har ciyawar wurin ta ƙone. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ko a ɓoye, ko da wasa. Har yau in ana hirar jego sai ta kawo labarin yadda ta ceci Baffa.

Yanzu an sa kwalbati a rafin, babur yana wucewa ko ana ruwa. Akwai waya, uwata tana kira kullum ta tambayi ko jaririya ta sha. Hatsi yana tsada a damina kamar da, amma ba mu koma tuwo sau ɗaya ba. Ɗana yana zuwa Islamiyya, shi ne ƙarami a cikin sa'o'insa, in sun jeru kansa bai kai kafaɗarsu ba. Har yanzu in ya yi barcin rana ya daɗe sai na je na sa yatsa a hancinsa. Duk gidan Baffa suke ce masa. Ni Haruna nake cewa, kuma in Gwaggo tana tsakar gida, daga can ƙarshen gida nake kiransa ko da yana kusa da ƙafata.

Da na haifi wannan, ana gobe suna maigidana ya shigo ya zauna a bakin gado yana ta murza hula.

"Jummai, ina so a yi wa Gwaggo takwara. Tsufa ya kama ta. A kashe wutar nan haka."

Ya shirya wa faɗa, na gani a kafaɗarsa. Na ce, "To, Malam. Allah ya raya ta."

Ya dube ni da kyau. "Kin yarda?"

"Me zai hana?"

"To me za a riƙa ce mata? Hajiya, ko Ummi?"

"Sunan da za a raɗa mata mana."

"Jummai."

"Ai ka san ni ba ni da kunya, Malam. Duk garin nan an shaida."

Sunan Gwaggo na yanka ya daɗe bai fito daga bakin kowa ba a gidan nan. Waɗanda suka isa su kira ta da shi duk sun mutu, yaran gidan ma ba su san shi ba sai ranar suna. 'Yata ce, ba zan zage ta ba, ba zan bari ƙuda ya sauka a kanta ba. Amma sunanta nata ne.

Ɗazu da ruwa ya ɗan tsagaita Gwaggo ta dogaro sanda ta zo ganin takwararta. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa tana haki. Yarinya tana nono, ta ja, ta ja, ta saki, kai ya langaɓe. Na ga hannun Gwaggo ya taso daga cinyarta da kansa, irin tasowar da na sani.

"Ta ƙoshi. Kaw..."

Na sosa tafin ƙafar 'yata, na buɗe murya yadda za a ji har madafa.

"Rakiya! Wa ya ce miki kin ƙoshi? Buɗe baki, Rakiya!"

"Na'am?" in ji Gwaggo, kafin ta kama bakinta.

A waje taɓaryar Yaya Uwani ta tsaya cak. Yarinya ta kama, wurin nan na ƙarƙashin kunne ya fara motsi.

Na ce, "Ba da ke nake ba, Gwaggo. Gyara zama. Wannan tana daɗewa, yanzu muka fara."